Yadda Aka Tantance Mini Tsohon Tedi, Aka Yi Masa Kuɗi, Aka Sayar a Ingila

Na rubuta wannan ne domin 'yan uwa masu harkar kayan gwanjo, musamman mu da muke tattara kaya a Ingila muna loda kwantena zuwa gida. A cikin kayan wasan yara da muke saye a dunƙule, wani lokaci akan ci karo da tsohon tedi, 'yar tsanar nan mai siffar beyar, wanda masu tara kayan tarihi suke biyan kuɗi mai kauri a kansa. Mafi yawan abin da za ka gani a buhu bai wuce na fam biyu ko uku ba. Amma akwai ɗaiɗaiku da suka haura shekara tamanin ko ɗari, kuma gane su da yi musu kuɗi yana da matakai. Ni ban samu wanda ya jera mini su ba, sai da na yi ta tambaya daga wannan wuri zuwa wancan. Ga yadda tawa ta kasance, da abin da aka nema a wurina, da abin da na biya.

Ni da maigidana muna zaune a wani gari kusa da Leeds. Ina aikin kula da tsofaffi, ƙarshen mako kuma mukan je sayen kayan gidajen da za a kwashe. Wani Bature da mahaifiyarsa ta rasu ya sayar mana da duk abin da ke ɗakunan sama a dunƙule, domin yana son a share gidan kafin a sa shi a kasuwa. A cikin wata akwatin ƙarfe muka samu tedi biyu a naɗe da tsohon bargo. Ƙaramin yana da tambari ɗinke a tafin ƙafarsa. Babban kuwa ya kai kusan santimita 60, launinsa ruwan zuma, gashin kan hancinsa da na cikinsa ya zube har ana ganin saƙar yadin, kuma babu tambari ko ɗaya a jikinsa. Maigida ya ɗaga shi ya ce, “Maman yara, wannan ai ko a Ƙofar Wambai babu mai ɗauka, a sa shi cikin shara.” Abin da ya sa na riƙe shi nauyinsa ne. Ya fi tedin zamani nauyi nesa ba kusa ba, kansa da hannuwansa da ƙafafunsa duk suna juyawa, kuma da na matsa kan sai na ji ƙas-ƙas a ciki.

Ranar Litinin na nuna hotonsa ga wata abokiyar aikina da mahaifiyarta ta daɗe tana tara irin waɗannan kaya. Maganarta ta farko ita ce kada in kuskura ruwa ya taɓa shi. Kada in wanke, kada in taje shi da ƙarfi, kada in fesa turare, kada in ɗinke inda ya yage. Wannan ya yi mini wuya, domin mu a sana'armu abu ba ya shiga buhu sai an wanke an goge. Ta yi mini bayani cewa cikin tsohon tedi akwai faifan kwali da fil ɗin ƙarfe a kowace gaɓa, ruwa yana jiƙa kwalin ya ruɓe, ƙarfen ya yi tsatsa ya ɓata yadin. Ta kuma ce in raba shi da sauran kaya, in sa shi a farin ƙyalle cikin leda mai rufi, saboda asu. Da na duba bayan kunnensa kuwa sai ga 'yan ƙananan ramuka da wani gari-gari. Wannan shawarar ita ce mafi daraja a duk tafiyar, kuma kyauta na same ta.

Mataki na biyu karatu ne. Na ari littattafan tantance tedi a laburaren garinmu, ba a biyan ko sisi in kana da kati. A nan na fahimci cewa duk tedin duniya bai wuce 1902 ba, saboda haka wanda ya ce maka nasa na zamanin Sarauniya Victoria ne, ka san babu wannan magana, domin ta rasu tun 1901. Sunan ya samo asali daga Shugaban Amurka Theodore Roosevelt, wanda ya ƙi harbin wani beyar da aka ɗaure masa a wurin farauta a Mississippi cikin Nuwamban 1902, aka zana abin a jaridar Washington Post, wani mai shago a Brooklyn, Morris Michtom, ya fara ɗinka 'yar tsana da sunan. A daidai wannan lokaci a garin Giengen na Jamus, Richard Steiff ya tsara beyar mai gaɓoɓi a kamfanin gwaggonsa Margarete Steiff, matar da shan inna ya zaunar a keke amma ta kafa kamfani a 1880. A 1907 kaɗai kamfanin ya yi tedi 974,000. Na Steiff su ne sarakan kasuwa, kuma alamarsu ɗan maɓallin ƙarfe ne da suke maƙalawa a kunnen hagu tun 1904. Na farko yana da hoton giwa, sai wanda babu rubutu, sai mai sunan kamfanin da manyan baƙaƙe inda wutsiyar harafin F na ƙarshe take komowa ƙarƙashin sunan, sai kuma mai rubutun haɗe na shekarun 1950. A littafin na ga cewa a Disamban 1994 an sayar da wani Steiff a gidan gwanjon Christie's na Landan a kan fam 110,000, a shekarar 2000 kuma wani baƙi cikin waɗanda aka yi domin makokin jirgin Titanic a 1912 ya tashi a fam 91,750. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na haska kunnen hagun tedina da tocila har sau ba adadi, na ga wani ɗan rami, zuciyata ta ce ai gurbin maɓalli ne.

Ƙaramin bai ba ni wahala ba, kuma shi ya koya mini amfanin tambari. Na kamfanin Chad Valley ne na Birmingham, wanda ya samu izinin kiran kansa mai yi wa Sarauniya kayan wasa a 1938. Bayan an naɗa Sarauniya Elizabeth ta biyu a 1953 sai aka canza rubutun ya koma “Queen Mother”, wato Uwar Sarauniya, domin Sarauniyar da ta ba da izinin mahaifiyarta ce. Nawa haka aka rubuta, ke nan bai girmi 1953 ba. Irinsu suna da yawa, kuma kuɗinsu 'yan gomomin fam ne. Kalma biyu a tafin ƙafa suka warware shekarunsa. Babban da ba shi da tambari shi ne aikin.

Na fara da wani shagon kayan tarihi a cikin gari. Mai shagon ya juya tedin, ya shinshina shi, ya danna cikinsa, ya ce tsohon na Ingila ne, ya gaji, amma zai ba ni fam 120 a hannu yanzu-yanzu. Ya kirga kuɗin ma a gabana. Fam 120 a kan abin da aka kusa zubarwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne, sai ya saya da araha zai ci riba. Abin da ya tsayar da ni shi ne na tambaye shi wane kamfani ne ya yi shi, sai ya kauce wa tambayar ya ƙara fam 20. Na ce albarka, na yi godiya na fita. Daga nan na rubuta wa wani gidan tarihi mai sashen kayan wasan yara. Amsa ta ɗauki makonni, kuma cikin ladabi suka ce ƙa'idarsu ba ta ba su damar faɗin kuɗin kaya ba, sai dai in nemi gidan gwanjo ko ƙwararren mai ƙiyasi. Wannan haka yake a galibin gidajen tarihin ƙasar, don haka kada ka ɓata lokacinka in farashi kake nema.

Inda na samu ilimi na gaske shi ne wurin wata dattijuwa mai gyaran tsofaffin tedi, wadda take aiki a wani ɗaki a bayan gidanta. Sai da na yi waya aka ba ni rana, jira ya kusa kai wata domin aiki ya yi mata yawa. Kuɗin dubawa fam 25. Ta shimfiɗa farin tawul, ta kwantar da shi, ta ɗauko gilashin ƙara girma, kuma ba ta ce uffan ba na ɗan lokaci. Da kunne ta fara, domin na riga na faɗa mata zancen ramin. Ta buɗe gashin da bakin allura ta ce in leƙa. “Kin gani, 'yata? Bakin ramin nan a ciccije yake, kuma ga ire-irensa guda uku a gefe. Asu ne. Ramin maɓalli a tsaftace yake, sau da yawa ma da ɗan tabon ƙarfe kewaye da shi.” Jikina ya yi sanyi, amma ta ce in dakata, ba a gama ba.

Ta bi shi gaɓa-gaɓa tana faɗa mini abin da take nema. Gashin na akuyar Angora ne, wanda suke kira mohe, dogo mai sheƙi, irin wanda ake saƙawa a Yorkshire. Ta kashe wuta ta haska shi da fitila mai shuɗin haske irin ta duba jabun kuɗi, ta ce zaren roba da farin zaren zamani sukan yi ƙyalli a ƙarƙashinta, nasa bai yi ba sai wani ɗan ɗinki a ƙafar dama, wanda wani ya yi daga baya. Ƙas-ƙas ɗin da nake ji a kai siraran sassaƙen katako ne da ake cusawa a da, jikin kuma an haɗa da audugar rimi, abin da ya yawaita a shekarun 1920. Idanun gilashi ne, ta ɗora ɗaya a leɓenta ta ce gilashi yana da sanyi, roba ba ta da shi, kuma idon roba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Tedin farko-farko ma baƙin maɓallin takalmi ake sa musu a matsayin ido. Da ta kifa shi ta ɗago, sai wani abu ya gangara a cikinsa ya yi ƙwal, ta ce abin da ke sa tedin gurnani in an kifa shi ne ya mutu, kuma mutuwarsa ba ta rage kuɗi sosai. Ta nuna mini cewa Steiff na farko suna da tozo babba a baya, da dogayen hannuwa masu lanƙwasa, da dogon tafin ƙafa siriri, da ƙananan kunnuwa nesa da juna. Nawa tozonsa kaɗan ne, kunnuwansa manya ne masu zurfi.

Sai ta kama hannunsa ta juyo tafin. An yi shi da dannannen ulu irin na hular dara, kuma an ɗinka farata da baƙin zare a kan tafin, sannan aka haɗa gindinsu da wani zaren a kwance, suka zama a sarƙe. Ta ɗora yatsana a kai ta ce, “Wannan shi ne sa hannun.” Irin wannan ɗinki an san kamfanin J.K. Farnell na unguwar Acton a Landan da shi, ɗaya daga cikin na farko da suka yi tedi a Ingila. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya an daina shigo da kayan Jamus, kamfanonin Ingila suka samu kasuwa, kuma Farnell ne ya fi kowa suna wajen kyawun yadi. Sai wajen tsakiyar shekarun 1920 suka fara ɗinka tambarinsu mai suna Alpha a ƙafa, kafin nan takarda ake ratayawa, yara kuma su cire ta a ranar farko. Amma ta gargaɗe ni cewa wasu kamfanonin ma sun yi irin wannan farata, har da Merrythought da aka kafa a 1930 a Ironbridge, domin ma'aikata sukan tashi daga wannan kamfani zuwa wancan da salon hannunsu. Don haka ita za ta ce “mai yiwuwa Farnell”, ba za ta rantse ba, kuma ba ta faɗin farashi. Game da gyara ta ce kada a taɓa komai sai wuyan da ya fara sakin ɗinki, ta kama shi da zare mai launinsa a kan fam 20. Masu saye sun fi son tabo na asali a kan sabon faci, kuma canza tafin ƙafa ko ido yana karya farashi. Maganin asu kuma ta ce in naɗe shi in rufe a leda in sa a firiza mako biyu, in na fito da shi in bar shi cikin ledar ya huce a hankali saboda idanun.

Kafin in fita ta tambaye ni ko iyalan suna da hoton yaron da ya mallake shi. A nan na tsaya tunani, domin komawa wurin Baturen da ya sayar mana da kayan yana nufin in faɗa masa abin da ke cikin akwatin. Ciniki ya riga ya faɗa, doka ba ta tilasta mini ba. Amma shi bai san abin da ya sayar ba, ni ma ban san abin da na saya ba, kuma raina bai kwanta da in ci kuɗin ni kaɗai ina ɓoyewa ba. Muka yi shawara da maigida, ya ce, “Ki faɗa masa gaskiya, abin da yake rabonmu ba zai wuce mu ba.” Na kira shi. Ya yi mamaki, ya ce tedin na yayan mahaifiyarsa ne. Bayan 'yan kwanaki ya kawo wani hoto mai launin ƙasa: yaro ɗan shekara uku ko huɗu sanye da rigar sojan ruwa, a kan kujera, tedin zaune kusa da shi da gashinsa cif, a baya an rubuta 1923 da fensir. Muka yi yarjejeniya a rubuce cewa kashi ɗaya cikin uku na abin da ya shigo hannuna nasa ne, ya kuma rubuta mini takarda mai sa hannu cewa ya sayar mini da kayan, da taƙaitaccen tarihin tedin. Hoton da takardar nan sun yi mini aiki fiye da yadda na zata.

Gidajen gwanjo masu sashen kayan wasa suna yin ƙiyasi kyauta ta imel. Na aika wa guda biyu hotuna da tsawo. Ɗaya babban gida ne na kowane irin kaya, suka ce fam 150 zuwa 250. Ɗayan ya ƙware a kan tedi da 'yan tsana, suka ce suna so su gan shi da ido, suka ba ni ranar da ma'aikaciyarsu take karɓar jama'a. Na hau jirgin ƙasa da shi a cikin jakar matashin kai. An ba ni lamba, na zauna a layi cikin tsofaffi kowa rungume da leda ko kwali, jira ya fi awa ɗaya. Ni kaɗai ce mai hijabi a ɗakin, amma kafin a kira ni wata tsohuwa ta riga ta ba ni labarin tedinta tun daga yarinta. Ma'aikaciyar ba ta ɗauki minti goma ba. Ta duba farata, ta duba ɗinkin hanci da ya tafi a tsaye, ta danna tafin ƙafa ta ji kwalin da ke ciki, sannan ta ɗauki hoton ta kwatanta kunnuwa. Ta ce za ta rubuta shi a kundin kayan da za a yi gwanjonsu da sunan Farnell kai tsaye, farkon shekarun 1920, tare da hoton mai shi na asali, ƙiyasi fam 400 zuwa 600.

Abubuwa biyu ta fayyace mini da ban taɓa ji ba. Na farko, kalmomin kundin gwanjo suna da ma'auni. In an rubuta sunan kamfani shi kaɗai, gidan ya tsaya a kai. In an ce “mai yiwuwa” ko “ana danganta shi da”, farashi ya sauka. In kuma an ce “irin salon”, to ba a ma yi da'awar komai ba. Hoton 1923 shi ya ba ta ƙarfin cire “mai yiwuwa”, domin ya nuna tedin ya riga kamfanonin da suka kwaikwayi ɗinkin daga baya. Na biyu, abu ɗaya yana da farashi uku: abin da dillali zai ba ka a hannu, abin da ake sa ran zai kai a gwanjo, da kuɗin inshora, wato abin da za ka biya a shago in za ka maye gurbinsa, wanda ya fi duka yawa kuma takardarsa biya ake yi. Mutane da yawa suna zuwa mata da takardar inshora suna tsammanin kuɗin da za su karɓa ke nan. Ta ƙara da cewa kasuwar ba kamar ta shekarun 1990 ba ce, lokacin da ake rububi. Waɗanda suka tara a wancan zamani sun tsufa, kayansu suna dawowa kasuwa, don haka na tsaka-tsaki sun faɗi, nagartattu masu tarihi ne suka riƙe darajarsu.

A teburin gaba aka nemi fasfo ko lasin tuƙi, da takardar da ke nuna adireshina wadda ba ta wuce wata uku ba, da lambar asusun banki mai sunana. Na sa hannu cewa kayan nawa ne kuma ina da ikon sayarwa, suka ɗauki kwafin takardar Baturen suka haɗa. Ka karanta yarjejeniyar nan layi-layi kafin ka sa hannu. Tawa ta ce la'adarsu kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da guduma ta faɗa a kai, inshora kashi 1.5, kuɗin hoto da shigarwa fam 10, sannan harajin VAT kashi 20 a kan waɗannan cajin. In ka janye kayanka bayan an buga kundi akwai tara. Muka tsayar da fam 350 a matsayin farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. Na so in sa 500, ta ce in an ɗaga shi da yawa masu tayi ba sa shiga, kuma kayan da ya fito bai sayu ba yakan yi kwantai, domin sakamakon yana nan a intanet kowa yana gani. Aka ɗaura masa lamba a wuya, aka ba ni rasit. Da na fito hannu wayam sai na ji wani iri, ko don ya daɗe a ɗakina ne.

Gwanjon kayan wasa na musamman ba kullum ake yi ba, sai da na jira wata biyu da wani abu. Mako biyu kafin ranar aka saka kundin a intanet, na duba bayanin na ga sun lissafa duk aibinsa: zubar gashi, cizon asu, gurnani ba ya aiki, gyara a ƙafa da wuya. Da farko na ji haushi, na ga kamar suna kushe mini kaya. Daga baya na gane wannan ne yake sa mai saye daga Japan ko Amurka ya yarda ya taya abin da bai taɓa da hannunsa ba. Ranar gwanjon ina wurin aiki, na bi ta waya a lokacin hutu. An buɗe a fam 300, aka tsaya a 420 har na ɗauka an gama, sai mutum biyu suka kama juna, ɗaya a ɗakin ɗaya a intanet. Duka-duka abin bai kai minti biyu ba. Guduma ta faɗa a fam 780. Hannuna na rawa na kira maigida, abin da ya iya cewa kawai shi ne Alhamdulillahi.

Kuɗi ba sa zuwa a ranar. Yarjejeniyar ta ce kwana 28 bayan gwanjo, in mai saye ya biya. Da takardar lissafi ta zo, an cire la'ada fam 117, inshora fam 11.70, hoto fam 10, VAT fam 27.74, abin da ya shiga asusuna fam 613.56. Mai sayen kuwa an ɗora masa nasa cajin kashi 25 da VAT, ya biya fam 1,014 kafin kuɗin aikawa. Tsakanin abin da ya fita aljihunsa da abin da ya shigo nawa akwai fam 400 da 'yan kwabbai. Na ba Baturen kasonsa, na cire fam 45 na mai gyara da kuɗin jirgi, abin da ya rage ya ɗan haura fam 300. Ƙaramin Chad Valley an sayar da shi a ranar a fam 45. Tunda saye da sayarwa sana'ata ce, na shigar da kuɗin cikin lissafin harajin shekara kamar sauran ciniki, na kuma adana duk takardun.

Wanda zai bi wannan hanya, ga abin da zan ce masa. Labaran fam dubu ɗari gaskiya ne, amma na tedi ƙalilan ne da aka san tarihinsu, kada su hana ka ganin darajar na fam ɗari biyar da ke hannunka. Kada ka karɓi tayin farko kafin ka san sunan abin da kake sayarwa, kuma ka nemi gidan da ya ƙware, domin ƙiyasin gidajen biyu da na tuntuɓa ya bambanta fiye da ninki biyu a kan abu ɗaya. Maɓalli a kunne shi kaɗai ba hujja ba ne, ana cire na gaske daga ƙananan dabbobin Steiff masu araha a maƙala wa wani tedin, ana kuma jiƙa sabo da ruwan shayi a aske gashinsa don ya yi kama da tsoho. Tsufan gaske yana bin inda yaro yake kamawa, hanci, ciki, hannu ɗaya, kunne ɗaya, na jabu kuwa ko'ina daidai yake. Shi kansa Steiff tun 1980 yake sake fito da kwafin tsofaffin samfuransa, waɗannan halal ne kuma suna da nasu masu saye, amma ba na tarihi ba ne. In ka ga ɗan ƙyalle a ɗinkin hannu ko ƙafa mai rubutun “US-Zone Germany”, wannan na tsakanin 1947 da 1953 ne, kada ka yanke shi don ya yi datti. Wani ɗan uwa ya tambaye ni hukuncin cinikin irin wannan abu mai siffa. Na san hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana, amma ni ba malama ba ce, mai shakka ya kai wa malaminsa.

Masu buɗe dila a Kano ko Maraɗi ma abin ya shafe ku, domin ba duk abin da ake haɗawa a nan ake tacewa ba. In ka ji tedi mai nauyi, mai gaɓoɓi biyar masu juyawa, mai ƙas-ƙas a ciki da ido mai sanyi, ka ware shi daga rana da ƙura da gara. Ba sai ka aiko shi ba tukuna. Ka ajiye shi a kan farin ƙyalle a inuwa mai haske, ka ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe da ta baya, sannan fuska kusa-kusa, cikin kunnen hagu, tafin hannu, tafin ƙafa, da duk wani tambari ko yagewa, ka auna tsawonsa a kwance daga kai zuwa diddige. Gidajen gwanjo suna amsa irin wannan imel daga ko'ina ba tare da caji ba. Sai ƙiyasin ya zo ka lissafa ko zai ɗauki kuɗin aikawa da inshora da kusan kashi ɗaya cikin biyar da za a zabtare, kuma ka tambaye su tun farko ko suna biya a asusun da ba na Ingila ba, domin in ba sa yi, sai ka nemi amintaccen da zai shigar da kayan da sunansa da takardar wakilci daga gare ka.